Bakin Zare

Mudassir yakan zo zaurena bayan la'asar,
ya ajiye jakar makaranta kusa da ƙwaryar zare,
ya zauna. Ba ya cewa komai.
Ni ma ba na tambaya.
Sai in miƙa masa allura, in nuna masa ƙirjin riga
inda aska biyu ta tsaya a rabi,
ya ɗora daga inda idona ya gaji.

Shekararsa goma sha biyar.
Ya san sunan ƙwaya uku da harshena ya kasa juyawa:
fara da safe, ruwan ɗorawa bayan isha'i,
da 'yar ƙaramar da ake rabawa biyu da reza.
Katin asibitin Shika na cikin littafin lissafi,
can tsakiya, inda ba mai dubawa.

Ubansa, Malam Tasi'u, tare muka yi allo a Limancin Kona.
Ya fi mu hadda, ya fi mu dariya.
Yanzu akwai makon da zai kwana
yana gyaran rediyon da lafiyarta ƙalau,
yana yi wa bango lissafin gonar da zai saya a Dakace.
Akwai kuma watan da ko labule ba ya ɗagawa,
tuwo ya huce, ya yi ɓawo, a ɗauke.

Unguwa ta faɗi nata.
Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa ne,
wata ta aiko da turare a ƙullin leda.
Ba wanda ya ce, yaron nan fa,
ya ci abinci? Ya runtsa?

Ran da ya shigo da leɓe a kumbure,
wuyan rigar makaranta a yage,
ban ce wa ya fara ba.
Na san sunan da suka kira shi a Ƙofar Doka.
Na karɓi rigar ina ɗinkewa,
shi yana zaune da singileti, yana kallon ƙasa.
Can ya ce, Baba Hashimu,
ana gadonsa?

Allura ta shige mini yatsa.
Shekara arba'in ina ɗinki, rabona da haka na manta.
Na ce, ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.
Ranar Talata zan bi ku, mu tambayi likita, ni da kai.
Abin da na sani shi ne wannan:
ba kai ka jawo ba,
ba kuma a wuyanka warakar take ba.
Ya yi kuka irin na wanda ya daɗe yana bin kansa bashin kuka.

Daga nan muka raba kayan.
Talata tawa ce, ni ke tare mota a Kwangila,
ni ke riƙe kati a layi.
Zulai tana aika koko kafin a buɗe famfo.
Malama Rifkatu, da ta ji, ta daina rubuta shi a makararru,
tana tsayawa da shi bayan an tashi, su bi abin da ya wuce shi.
Yammacin Juma'a in ɗauki ɗinkina in koma wajen Tasi'u,
in kori yaron: tafi ƙwallo,
kada in ga ƙeyarka sai an kira magariba.

Ba a warke ba. Ba zan ce an warke ba.
Watan jiya ma sai da muka kwana biyu a tsaye.

Amma shekaranjiya Tasi'u ya fito zaure da kansa,
ya ɗauki rigar da ɗansa ke yi,
ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe.
Ya ce, nan ka ja zare da ƙarfi, ga shi ya tattare.
Warware, ka sake.

Yaron ya sunkuya yana warwarewa,
yana ta murmushi,
an yi masa faɗa.